Marubuci kuma mai sharhi: yadda Bernard Shaw ya riƙe biyun

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne, ina rubuta wasan kwaikwayo, kwanan nan kuma na fara rubuta sharhi a kan wasannin da nake kallo. Wani abokina ya ce in zaɓi ɗaya. Wai mai sharhi mutum ne da rubutu ya gagare shi ya koma cizon waɗanda suka iya, kuma wai ba a zama alƙali a zama ɗan takara lokaci guda. Na ji an ce George Bernard Shaw ya haɗa biyun. Yaya rayuwarsa ta kasance? Sharhin ya taimaki rubutunsa ne, ko cutar da shi ya yi?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Tambaya biyu ka ƙunsa wuri guda. Ta farko tarihi ce: wane ne Shaw, ta ina ya biyo. Ta biyu, wadda nake jin ita ta fi damunka, ita ce ko wanda ke rubuta wasa yana da bakin yanke wa wasan wani hukunci, kuma in ya yi hakan me zai samu, me zai rasa. Na daɗe ina koyar da wasan kwaikwayo, na shirya wasanni da ɗalibai, na kuma yi abin da muke kira tarke a aji, wato nazarin aikin adabi da auna shi, don haka maganar ta shafe ni kamar yadda ta shafe ka. Zan ba ka tarihin, amma inda zan fi daɗewa shi ne shekaru uku da 'yan watanni da ya yi yana sharhin wasanni a Landan, domin amsarka tana can.

Daga Dublin zuwa Landan

An haifi Shaw a birnin Dublin na ƙasar Ailan ranar 26 ga Yuli, 1856. Gidansu gidan masu asali ne da arziki ya juya wa baya. Mahaifinsa ɗan kasuwar hatsi ne da kasuwa ba ta karɓe shi ba, ga kuma shan giya. Mahaifiyarsa mawaƙiya ce mai murya, almajirar wani malamin waƙa mai suna Vandeleur Lee, wanda har ya zauna gida ɗaya da su. Saboda haka yaron ya tashi cikin gidan da kullum ake gwajin waƙoƙin opera, wato irin wasan da ake rera shi da waƙa tun daga farko har ƙarshe. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Makaranta ba ta yi masa daɗi ba. Yana ɗan shekara 15 ya bar ta, ya kama aikin akawu a ofishin dillalan filaye da karɓar haya, inda ya ga da idonsa yadda kuɗin talaka ke hawa zuwa aljihun mai gida. A 1873 mahaifiyarsa ta bi malaminta zuwa Landan, shi kuma ya bi bayanta a 1876 yana da shekara 20 ba cika ba. Shekarun da suka biyo baya na wahala ne. Tsakanin 1879 da 1883 ya rubuta ƙagaggun labarai guda biyar, kamfanonin ɗab'i suka ƙi su gaba ɗaya. Uwarsa ce ke ciyar da shi. Yininsa yana ɗakin karatu na gidan tarihin Birtaniya, a nan ya ba kansa ilimin da makaranta ba ta ba shi ba. A 1882 ya saurari laccar Ba'amurken nan Henry George a kan mallakar ƙasa da talauci, daga nan ya karanta Karl Marx a fassarar Faransanci, a 1884 kuma ya shiga ƙungiyar Fabian, ta masu ra'ayin gurguzu da ke son a sauya al'umma sannu a hankali ba da juyin juya hali ba. Mutum ne mai tsananin kunya da farko, amma ya tilasta wa kansa tsayawa a kan titi da ɗakunan taro yana jawabi, har ya zama gwanin iya magana. Wanda ya saba jama'a su katse shi da ihu ya san yadda ake riƙe kunnen mai sauraro, wannan ma ya bi shi har dandamali.

A nan abokinka yana da ɗan abin kamawa. Gaskiya ne Shaw ya shiga sharhi bayan labaransa sun kasa fita. Wani abokinsa, William Archer, wanda shi ma mai sharhin wasanni ne kuma mai fassara wasannin Henrik Ibsen, marubucin wasan kwaikwayo ɗan ƙasar Norway, shi ya samo masa aikin sharhin littattafai a 1885, sannan sharhin zane-zane. Daga nan ya koma sharhin kiɗa da waƙa, da farko a jaridar The Star da sunan aro Corno di Bassetto, sannan a The World daga 1890 zuwa 1894. Har yau masana na lissafa wannan sharhi nasa cikin mafi kyau da aka taɓa rubutawa da Turanci, kuma dalilin a fili yake: ya san abin da yake magana a kai tun daga gida, sannan ya ƙi rubuta shi da yaren ƙwararru. Yana rubutawa ne yadda wanda bai taɓa riƙe kayan kiɗa ba zai karanta har ƙarshe.

Halin da ya tarar da dandamali

Kafin ka gane sharhinsa na wasanni sai ka san abin da ake nunawa a Landan a lokacin. Manyan gidajen wasa suna hannun taurari ne, kowane tauraro shi ne mai gida, shi ne mai zaɓen wasa, shi ne kuma jarumi. Babbansu Henry Irving na gidan Lyceum. Wasannin da suka fi tashe kuwa an ɗora su ne a kan wani zubi da aka aro daga Faransa, na su Eugène Scribe da Victorien Sardou: akwai asiri da aka ɓoye, akwai wasiƙa da ta faɗa hannun da bai kamata ba, a ƙulla a ƙulla, a kashi na ƙarshe a warware, kowa ya tafi gida hankali kwance. Bayan wannan akwai ofishin Lord Chamberlain, jami'in fada da ke tace kowane wasa kafin a nuna shi ga jama'a.

Cikin wannan yanayi wasannin Ibsen, ɗan ƙasar Norway, suka iso. An nuna A Doll's House a Landan a 1889, wasan matar da ta fice ta bar miji da 'ya'ya bayan ta gane ba a ɗauke ta mutum ba. A 1891 aka nuna Ghosts, jaridu suka yi masa ca, wasu suka kwatanta shi da buɗaɗɗen kwatami. A shekarar Shaw ya fitar da ɗan littafinsa The Quintessence of Ibsenism yana kare shi. Abin da ya gani a Ibsen shi ne wasa na iya kaiwa inda mutanen cikin labarin za su zauna su tattauna matsalarsu da gaske, tattaunawar ta zama ita ce ƙololuwar wasan, a maimakon bindiga ko wasiƙar da aka tsinta.

Kafin ya zama mai sharhin wasanni ya riga ya jarraba hannunsa. Tun wajen 1884 ya fara wani wasa tare da Archer, Archer ya ba da tsarin labari shi kuma ya rubuta maganganu. Shaw ya cinye labarin tun wasan bai ƙare ba, suka watse. Bayan shekaru ya ɗauko shi ya ƙarasa, aka nuna shi a Disamba 1892 da sunan Widowers' Houses, sau biyu kacal. Labarin wani matashin likita ne da ya ƙi taɓa dukiyar mahaifin budurwar da zai aura saboda daga hayar ruɓaɓɓun gidajen talakawa take fitowa, sai aka nuna masa cewa kuɗin da shi kansa yake ci daga jinginar waɗannan gidaje suke. Ka ga akawun Dublin ya dawo. A 1893 ya rubuta Mrs Warren's Profession, inda wata budurwa mai ilimin jami'a ta gano cewa da kuɗin gidajen karuwai uwarta ta yi mata karatu, uwar kuma ta zaunar da ita ta lissafa mata abin da talauci ya bar wa mace a matsayin zaɓi. Mai tacewa ya hana shi, ba a nuna shi a bainar jama'a a Landan ba sai 1925. A 1894 Arms and the Man ya ɗan samu karɓuwa, wasan sojan haya da ke cika jakar harsashinsa da cakulan domin ya san yunwa ta fi kashe soja.

Shekarun Saturday Review

A Janairu 1895 Frank Harris ya ɗauke shi sharhin wasanni a mujallar Saturday Review, ya riƙe aikin har Mayu 1898, yana sa hannu da haruffa uku, G.B.S. Mutumin da ya hau wannan kujera marubuci ne mai wasanni a aljihu da manyan gidaje suka ƙi karɓa. Kowane mako yana zuwa ya zauna ya kalli abin da aka fifita a kan nasa, ya dawo ya rubuta ra'ayinsa. Wannan shi ne ainihin abin da abokinka yake tsoro.

Shaw bai ɓoye ba. Da aka tattara sharhin daga baya cikin littafi, ya faɗa da bakinsa cewa kada a ɗauke shi hukuncin alƙali. Ya kwatanta shi da ƙawanya da marubuci ya yi wa gidan wasan zamaninsa, yana saran hanya da alƙalami don ya samu shiga. Wato yana auna kowane wasa ne da irin wasan da yake ganin ya kamata a rubuta, kuma irin wannan wasa shi ne wanda shi yake rubutawa. A ganina wannan furuci shi ne mabuɗin rayuwarsa ta sharhi gaba ɗaya, ƙarfinsa da rauninsa duk daga nan suka fito.

Ƙarfin shi ne yana da ma'auni. Mafi yawan sharhin da ɗalibai ke kawo mini yana mutuwa ne saboda marubucin bai san abin da yake nema a dandamali ba, sai ya ba da labarin wasan daga farko zuwa ƙarshe, ya ce 'yan wasa sun yi ƙoƙari, ya rufe. Shaw ya san abin da yake so: wasan da zai sa ɗan kallo ya fita yana tuhumar kansa. Da ya soki zubin Sardou, har ya ƙirƙiro masa sunan ba'a daga sunan mai shi, bai tsaya ga cewa bai ji daɗi ba. Yana nuna maka inda marubucin ya tura tauraro ya aikata abin da mai hankali ba zai aikata ba, don kawai ƙullin labari ya tafi. Mai rubutu ne kaɗai ke ganin ɗinki ta ciki haka. Haka kuma yana kallon ɗan wasa da idon wanda ya san sana'ar: numfashi, saurin magana, inda aka tsaya, inda murya ta hau ba dalili. Kunnen da ya samu a gidan uwarsa ya yi masa rana a nan.

Rigimarsa da Shakespeare ma mutane na yawan fahimtarta a baibai. Gaskiya ne ya yi masa kalamai masu zafi, musamman a sharhinsa na Cymbeline a 1896, ya kuma ƙirƙiro kalma don masu ɗaukar Shakespeare kamar abin bauta. Amma ya san wasannin kamar tafin hannunsa, kuma babban faɗansa da Irving ne, wanda ke yanke rubutun, ya sauya jerin fitowa, don a samu lokacin kafa manyan kayan ado da kuma haska matsayin jarumi. Shaw yana cewa a bar kalmomin su yi kiɗansu, a faɗe su cikakku kuma da sauri. Ya goyi bayan William Poel, wanda ke nuna wasannin a dandamali marar tarkace kamar yadda ake yi a zamanin marubucin. Yadda ake shirya Shakespeare a ƙarnin da ya biyo baya ya fi kusa da abin da Shaw ya nema.

Raunin kuwa ga shi. A Fabrairu 1895 aka fara nuna The Importance of Being Earnest na Oscar Wilde, wanda yau ake lissafawa cikin fitattun wasannin barkwanci na Turanci. Shaw ya rubuta cewa ya yi dariya amma wasan bai taɓa zuciyarsa ba, don haka yana jin ya ɓata darensa. Ma'aunin da ya ba shi ido a wani wuri shi ya rufe masa ido a nan, domin wasan ba ya ƙoƙarin yin abin da Shaw ke nema, wani abu dabam yake yi kuma ya yi shi da kyau. Duk marubucin da ya koma sharhi yana cikin wannan haɗari, ya riƙa yi wa kowa hukunci da laifin rashin zama shi.

Sai kuma maganar hannu a cikin tuwo. A daidai lokacin da yake sukar Irving mako bayan mako, ɗan gajeren wasansa a kan Napoleon, The Man of Destiny, yana hannun Irving ana maganar nuna shi, ga kuma wasiƙu na kai da komo tsakaninsa da Ellen Terry, babbar jarumar gidan. A zamanin an san dabarar masu gidajen wasa ta biyan mai sharhi kuɗin kamun wasansa, a ajiye a aljihun tebur ba a nunawa, bakinsa kuma ya yi laushi. Shaw ya nace shi nunawa yake so, kuma bai sassauta alƙalami ba. Bayan sharhinsa na Richard III, wasan Shakespeare da Irving ya fito a ciki, a ƙarshen 1896, wanda Irving ya fahimta a matsayin habaicin cewa ya hau dandamali a buge, maganar ta rushe a 1897. Za ka iya yaba masa cewa ba a saye shi ba. Za ka kuma iya tambaya ko ya dace tun farko mai sharhi ya kai hajarsa gidan wanda yake yi wa sharhi. Ni ina ganin bai dace ba, ko da ya fita da mutuncinsa.

Yadda ya bar kujerar, da abin da ya tafi da shi

Abu uku suka haɗu. A 1897 ɗan wasan nan Richard Mansfield ya nuna The Devil's Disciple a Amurka, ya kawo wa Shaw sama da fam 2,000, kuɗin da ya nuna masa wasa zai iya ciyar da shi. A 1898 jikinsa ya gaza, ga gajiya ga ciwon ƙafa mai tsanani. A watan Yuni na shekarar ya auri Charlotte Payne-Townshend, 'yar Ailan mai dukiya kuma 'yar ƙungiyar Fabian, wadda ta yi jinyarsa. Ya miƙa shafin ga Max Beerbohm. Lura da wannan: da zarar rubutun wasa ya tsaya da ƙafarsa, ya ajiye sharhin mako-mako.

Sai dai mai sharhin bai mutu ba, ya koma cikin littafi ne. Tun da gidajen wasa sun rufe masa ƙofa, a 1898 ya buga wasanninsa cikin juzu'i biyu, Plays Pleasant and Unpleasant, da dogon bayanin dandamali da siffanta taurari yadda za a karanta su kamar labari, da kuma gabatarwa mai tsawo. Daga baya gabatarwar wasu wasanninsa takan yi gogayya da wasan kansa wajen tsawo. Ya nemi masu karatu kafin ya samu 'yan kallo, kuma ya same su.

Ƙofar ta buɗe sosai tsakanin 1904 da 1907 a gidan Royal Court, ƙarƙashin Harley Granville-Barker da J. E. Vedrenne. A nan aka nuna John Bull's Other Island, da Man and Superman, da Major Barbara, da The Doctor's Dilemma. Shi da kansa yake jagorantar gwaji, yakan karanta wa 'yan wasa rubutun da muryoyi dabam-dabam, yana raba matsayi kamar mai raba muryoyin mawaƙa, wannan siririya, wancan mai kauri. Na gwada wannan da ɗalibaina a wata doguwar muhawara ta cikin Major Barbara, tsakanin budurwa mai wa'azi da mahaifinta mai ƙera makamai. A takarda sun ce ta yi musu tsawo, kamar lacca. Da muka tashi tsaye muka raba ta bisa hawa da saukar murya, wanda ya fi ƙorafi shi ya fara neman a maimaita. Masu cewa wasannin Shaw surutu ne kawai yawanci da ido suka karanta su.

Abin da ya fi burge ni a wasanninsa, wanda kuma nake ganin daga kujerar sharhi ya samo shi, shi ne yadda yake ɗaukar tsohon zubin da ya soka ya kifar da shi. Ya kalli ɗaruruwan wasanni har ya san abin da ɗan kallo ke jira a kowace kwana, sai ya kai shi bakin wurin ya ba shi akasinsa. Pygmalion, wanda aka fara nunawa da Jamusanci a birnin Vienna na ƙasar Austria a 1913 sannan a Landan a 1914, yana tafiya kamar labarin soyayya: malamin furuci ya ɗauki yarinya mai tallar furanni ya koya mata maganar manya. Kowa na jiran aure. Shaw ya hana, domin yarinyar da ta samu 'yancin kanta ba za ta koma ɗauko wa malam takalmi ba. Da jarumin wasan, Herbert Beerbohm Tree, ya riƙa sassauta ƙarshen don faranta wa 'yan kallo, Shaw ya rubuta ƙarin bayani a bugun littafin yana kafa hujjar dalilin da ya sa auren ba zai yiwu ba. A Saint Joan na 1923 kuwa, shekara uku bayan cocin Katolika ta sa Joan ta Faransa cikin waliyyai, ya ƙi mayar da alƙalan da suka sa aka ƙone ta a 1431 miyagu. Ya ba su hujjoji masu nauyi, ya sa su mutane masu ganin suna kare gaskiya, abin ya fi ban tsoro a haka.

Sauran tarihin sananne ne. Ya rubuta wasanni sama da 60. An ba shi lambar Nobel ta adabi ta 1925, ya karɓi lambar ya ƙi cin kuɗin, aka kafa gidauniyar fassara adabin Suwidin zuwa Turanci da su. A 1939 ya samu Oscar saboda rubutun fim ɗin Pygmalion. Matarsa ta rasu a 1943. Shi kuma ya faɗo yana gyaran bishiya a lambun gidansa na ƙauyen Ayot St Lawrence, ya rasu ranar 2 ga Nuwamba, 1950, yana da shekara 94.

Ba zan ba ka shi a wanke tas ba. A 1914 ya rubuta ƙasida yana ɗora wa Birtaniya nata kason laifin yaƙin duniya na farko, abokai suka guje shi, wannan jarumta ce. Amma mutumin nan dai shi ne ya yabi Mussolini, ya je Tarayyar Sobiyat a 1931 ya gana da Stalin ya dawo yana yabo, a 1933 ya sa hannu a wasiƙar da ke ƙaryata rahotannin wahalar da jama'a ke ciki a can alhali miliyoyi na mutuwa da yunwa. Ya yi adawa da allurar rigakafi, ya kuma goyi bayan ra'ayin tace irin ɗan Adam, wato a zaɓi waɗanda za su haihu da sunan kyautata zuri'a. Halin da ya sa sharhinsa kaifi, wato sakankancewa da ra'ayinsa da son faɗar abin da zai girgiza mutane, shi ya kai shi ya baro a inda kuskure ke cin rayuka. Wannan yana ba ni takaici duk lokacin da na koyar da shi, kuma ba na tsallake shi a aji.

To kai fa?

Ra'ayina shi ne ka ci gaba da biyun a yanzu. Babu makarantar da ta kai zama cikin 'yan kallo da sanin cewa gobe sai ka bayyana a rubuce dalilin da ya sa fitowa ta uku ta mutu. Mai kallo don nishaɗi yana iya cewa abin bai yi ba ya wuce. Mai sharhi dole ya nemo inda ya karye. Akwai aikin da nake ba ɗalibai: duk fitowar da ka soka, ka zauna ka sake rubuta ta yadda kake ganin ta dace. Da yawa sukan dawo sun janye rabin sukar, domin sun gano marubucin yana kauce wa wani rami ne da su ba su hango ba. Rabin da ya rage kuwa ya zama suka mai tushe.

Amma maganar abokinka ta alƙali da ɗan takara ba ta banza ba ce, kuma na ɗanɗana ta. Akwai wata ƙungiyar wasa da ta taɓa mayar mini da rubutuna, bayan 'yan watanni na kalli wasan da suka zaɓa na yi masa sharhi mai zafi. Duk abin da na faɗa ina iya kare shi har yau, sai dai da na sake karantawa bayan shekara biyu na ji ɗacin da ke ƙarƙashinsa, kuma na tabbata waɗanda suka san labarin sun ji shi tun ranar farko. Tun daga nan ba na sharhin aikin wanda rubutuna ke hannunsa, ko wanda muka rabu ba daɗi, ko aminin da ba zan iya gaya wa gaskiya a fili ba. In kuma akwai wata alaƙa da ba ta kai ta hana ni ba, nakan faɗe ta a sakin layi na farko. Kafin in auna wasa da abin da nake so, nakan fara tambayar me marubucin ya nufa, ya kuma cim masa ko bai cim masa ba. Da Shaw ya yi wa Wilde wannan tambaya da sharhinsa ya bambanta.

Ka kuma sani cewa rayuwar mutum ɗaya ba ta isa hujja ba. Archer, wanda ya buɗe masa hanya, ya fi shi adalci a sharhi, amma sunansa bai tsaya a kan wasannin da ya rubuta ba. Ibsen da Shaw ya yi ta karewa ya ɗan taɓa sharhi yana matashi, sai dai abin da ya gina shi shi ne shekarun da ya yi yana aiki a gidajen wasa na biranen Bergen da Christiania (Oslo a yau) a ƙasarsu, yana shirya wasannin wasu. Shaw ya yi aiki a babban birni mai gidajen wasa da yawa da mujallu masu biyan albashi, inda za ka soki mutum yau ka samu wani gidan gobe. Idan da'irar da kake ciki ƙarama ce, kowa ya san kowa, kuma waɗanda kake yi wa sharhi su ne za su hau maka dandamali badi, farashin kowace kalma ya fi nasa tsada. Wannan lissafi kai kaɗai za ka iya yinsa, domin kai ka san mutanenka.

In kana son ka gani da idonka, ka nemi sharhinsa na shekarun 1895 zuwa 1898, wanda aka tattara da sunan Our Theatres in the Nineties, ka karanta kaɗan daga ciki, sannan ka ɗauki Arms and the Man ka karanta shi da babbar murya tare da abokin naka, kai ka ɗauki sojan cakulan, shi ya ɗauki jarumin da ya jagoranci harin dawakai. Allah ya yi wa alƙalaminka albarka.